Furen Okid: Da Wanne Za Ki Fara?

 

A makon jiya na sami takarda daga wata 'yar'uwarmu, amarya ce, ba ta daɗe da tarewa ba. Ta ce ranar buɗar kai wata ƙawarta ta kawo mata gudummawar wani fure a cikin ɗan kasko, fari fat, furannin a jere bisa kara guda kamar an tsara su da hannu. Sunansa okid. Ta ajiye shi a tsakiyar ɗaki, duk wadda ta shigo ganin jere sai ta tanka. Don tsananin son da ta ke yi masa, safe da yamma sai ta ba shi ruwa, har ta sa aka ɗebo mata ƙasa mai taki daga lambu ta sake masa babban kasko. Ba a yi wata biyu ba furanni suka zube, ganye ya yanƙwane, da ta ɗaga shi sai ta tarar saiwar duk ta ruɓe. To, ga shi ƙawar ta aiko za ta zo ziyara, ita kuwa kunya ta ishe ta. Tana so ta sayi wani, amma kuɗinsa ba kaɗan ba ne, tana tsoron ta sake yin asara. Har ma ta tambaye ni ko hannunta ne ba ya karɓar shuka.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, hannunki lafiya lau ya ke. Garin neman ƙiba ne aka samo rama. Ni ma da ki ke ji, haka na kashe nawa na fari, da ruwa da taki da yawan tattali. Tun da ya ke na san ba ke kaɗai ce ke da wannan damuwa ba, bari in amsa miki a nan kowa ta ƙaru.

WANE IRIN TSIRO NE OKID?

Okid dangi ne babba ƙwarai, masana sun ƙirga iri wajen 28,000 a daji, ban da waɗanda 'yan Adam suka haɗa aure suka fitar. Banila ɗin nan da mu ke sa wa a kek don ƙanshi ma ɗan wani okid ne, asalinsa ƙasar Meziko, yanzu kuwa Madagaska ta fi kowa nomansa.

Abin da ya kamata ki riƙe tun da fari shi ne, yawancin waɗanda a ke sayarwa don ado ba a ƙasa su ke tsirowa ba. A can dajinsu a bisa rassan itatuwa su ke zama, saiwoyinsu a waje suna shan iska. Kada ki ɗauka kamar kauci ne. Kauci yana huda itacen ya tsotse shi, okid kuwa wurin zama kaɗai ya ara, ba ya cin kome na itacen. Ruwan sama ya zo ya jiƙa shi sharkaf, an jima kaɗan iska ta busar da shi. Haka ya saba tun fil azal. Saboda haka in kin binne saiwarsa cikin ƙasa, kika bi ta da ruwa safe da yamma, kin toshe masa numfashi ke nan. Wannan shi ne abin da ya sami na amaryarmu.

A da, cikin shekarun 1800, okid furen attajirai ne a Ingila. Su kan aika mutane dazuzzukan Asiya da Kudancin Amurka su yi ta fama da zazzaɓi don su samo musu, mafi yawa kuma su mutu a jirgin ruwa kafin a iso. Dalilin tsadar kuwa, irinsa kamar ƙura ya ke, ba shi da guzurin abinci a cikinsa kamar gero ko wake, ba ya tsirowa sai da taimakon wani irin naman gwari. Sai a 1922 wani masani a Amurka, Lewis Knudson, ya nuna yadda za a tsirar da irin a cikin kwalba bisa abinci mai sukari. A 1960 kuma wani Bafaranshe, Georges Morel, ya bayyana hanyar yanko ɗan ƙanƙanin tsiro a mai da shi dubbai. Tun daga nan kasuwa ta buɗe. Yanzu Taiwan da Holan da Tailan suna noma shi da yawan gaske suna aikawa ko'ina, har ya iso wajen masu sayar da furanni a manyan biranenmu.

WANDA ZA KI FARA DA SHI

Ba zan yi miki kwana-kwana ba: ki fara da wanda a ke kira Falanofsis. A jikin 'yar takardar da ke manne da shi za ki ga an rubuta Phalaenopsis. Ba shi da wuyar ganewa. Ganyensa masu faɗi ne, masu kauri, kamar harshen saniya, huɗu ko shida, suna kwance dama da hagu. Daga gindinsu dogon kara ya kan fito ya ranƙwafa, furanni kuwa su jeru a kansa a buɗe kamar malam-buɗe-littafi ya shimfiɗa fikafikai. Sunan ma daga nan ya samo asali. Wani masanin tsirrai mai suna Blume, wanda ya yi aiki a tsibirin Jawa, shi ya raɗa masa a 1825, ma'anarsa da Girkanci mai kama da malam-buɗe-littafin dare. Asalinsa dazuzzukan Indunusiya da Filifin da Taiwan da maƙwabtansu, har zuwa arewacin Ostareliya. Mutanen Indunusiya suna ce wa farin furen wata, a 1993 kuma suka sa shi cikin furannin da su ke alamar ƙasarsu.

Ga dalilan da suka sa na zaɓa miki shi. Na farko, a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa ya saba zama, don haka hasken da ke shiga ɗaki ta taga ya ishe shi. Na biyu, zafin da mutum ke jin daɗinsa shi ma shi ya ke so, watau daga digiri 18 zuwa 29 a ma'aunin Salshiyos. Na uku, furensa ya kan yi wata biyu ko uku bai zube ba, kin ga kuɗinki bai tafi a banza ba. Na huɗu, saiwarsa tana gaya miki lokacin da ya ke jin ƙishirwa, zan kuwa bayyana miki yadda a ke karanta ta. Na biyar, ba shi da dafi, ko da yaro ko kyanwa sun kai baki, ko da ya ke ɓarnar da za su yi masa ta isa ki ɗaga shi sama.

In garinku mai tsananin zafi ne, kamar Sakkwato ko Maiduguri, kuma ba ki da ɗaki mai sanyi, akwai na biyu da zan ambata, watau Dandurobiyum, an rubuta Dendrobium, irin mai dogayen karare kamar ƙananan rake da fure shuɗi-ja ko fari a ƙoli. Kakan yawancinsu daga arewacin Ostareliya ya ke, inda su ma su ke da rani da damina kamar mu. Ya fi Falanofsis jure zafi da fari, sai dai yana son haske fiye da shi, kuma ƙaramin kasko matsattse ya fi so.

Akwai kuma waɗanda zan ce ki kawar da ido daga kansu tukuna, kome kyansu. Simbidiyum ba ya fure sai ya sami dare mai sanyi ƙwarai, wajen digiri 10 zuwa 13, makonni a jere, wannan kuwa sai ko mutanen Jos da Mambila su gwada. Banda, wanda a ke ratayewa da saiwoyi tsirara suna reto, yana son rana sosai da ruwa kowace safiya, in kika yi tafiyar kwana uku cikin hunturu sai ki dawo ki tarar da ƙirare. Waɗannan na gwanaye ne. Yaro ba ya fara gudu sai ya yi rarrafe.

A nan Afirka ma muna da namu. Akwai wani mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa, wanda wani Bature mai aikin lambu, John Ansell, ya samo a tsibirin Bioko a 1841 sa'ad da ya biyo ayarin binciken kogin Kwara, da sunansa kuma a ke kiransa Ansellia. Yana girma ya cika wuri, ba na ɗaki ba ne. In wani ya kawo miki tallar wanda ya ɓamɓaro daga itace a daji kada ki saya, don irin wannan ɓamɓara ce ke ƙarar da su. Haka kuma in 'yar'uwa za ta zo miki da shi tsaraba daga wata ƙasa, a fara tambayar doka, gama ƙetare iyaka da tsiro mai rai sai da takardu.

IN KIN JE SAYE

Kowa ta shiga wajen mai furanni, fure ta ke fara kallo. Ke ki fara da saiwa. Yawanci a cikin 'yar roba garau a ke sayar da shi, sa'an nan a saka robar cikin wata tukunya ta ado. Roƙi mai kaya ya zaro miki robar ki duba. Saiwa mai lafiya ƙosasshiya ce, mai tauri, kore ko ruwan azurfa, kanta kuma kore shar. In kin ga baƙa ko ruwan ƙasa, ta yi laushi, ko kika ji wari, ajiye masa abinsa ko da ya rage miki rabin kuɗi. Araha ba ta ado.

Sai ganye. Ki taɓa ki ji shi da ƙwari, ba yaushi, ba tamoji. Leƙa tsakiya, wajen da sabon ganye ke fitowa, ki tabbata ba baƙi ba ruɓa, don in nan ya lalace tsiron ya gama yawo. Juya bayan ganyen da lungunansa, in kin ga wani abu fari kamar ɓurɓushin auduga, ko ƙananan ƙuraje masu ɗanko, ƙwari ne, kada ki kai su gida.

Daga nan ki dubi fure. Zaɓi wanda rabin furanninsa suka buɗe, rabi kuma suna ƙulle. Wanda ya buɗe duka ba ki san tun yaushe ya ke haka ba, watakila saura mako biyu ya zube.

In kin ga mai shuɗi kamar an tsamo shi daga marina, to, kyan ɗan maciji ne. Farin ne aka yi wa allurar rini a kara, baɗi in ya sake fure fari zai fito. Kada ki biya kuɗin rini. Haka nan kada ki sayi iri a ƙunshi wai za ki shuka, na riga na gaya miki ba ya tsirowa a kasko. Kada kuma ki sayi ɗan ƙarami don ya fi sauƙin kuɗi, babba wanda ya riga ya yi fure shi ya fi jure kuskuren mai koyo. Guda ɗaya tak za ki saya, sai kin shekara da shi lafiya kana ki ƙara.

WURIN AJIYEWA

Tagar gabas ta fi, inda zai sami hasken safiya mai laushi. In rana tana dukan tagar sosai ki saki labule marar kauri a tsakani. Da hantsi ki taɓa ganyen, in kin ji shi da ɗumi ja shi baya, don ranar tsaka tana ƙona shi ta bar tabo wanda ba ya gogewa. In kuwa ganyen ya yi kore mai duhu ƙwarai, shekara ta zagayo ba fure, haske ne ya yi masa kaɗan.

Abu uku ki raba shi da su. Iskar na'urar sanyaya ɗaki kada ta riƙa bugunsa kai tsaye. Kwandon ayaba ko mangwaro masu nuna kada ya zauna kusa da shi, don suna fitar da wata iska wadda ba a gani mai sa fure ya zube. Hayaƙi ma haka ya ke yi. Na san ba mu rabuwa da turaren wuta, to, in za ki turara ɗaki ki fitar da shi tukuna, sai hayaƙin ya washe ki mayar.

RUWA

Nan ne yawancinmu mu ke faɗuwa. Kada ki bi kwanan wata, bi saiwa. In kin leƙa robar kin ga saiwoyi kore, da ɗan gumi a jikin robar, ba ya bukatar kome. In sun koma ruwan azurfa, robar kuma ta yi shakwaf a hannu, lokaci ya yi. Galibi ya kan kama sau ɗaya a mako, da hunturu ya fi haka kusa, da damina kuwa ya kan kai kwana goma.

Da safe a ke ba shi. Zaro robar ki kai wajen wanke-wanke, ki kwarara ruwa ya ratsa ya fita ta ƙasa, ko ki tsoma ta cikin kwano minti 10, sa'an nan ki bari ya tsane sarai kafin ki mayar. Kada ruwa ya kwanta a gindin tukunyar ado. In ya shiga tsakiyar ganye ki tsane shi da ɗan ƙyalle, don kwanan ruwa a nan shi ke kawo ruɓa. Ruwan sama ya fi kowanne, ki tara da damina. Na rijiya ko na burtsatse in yana da gishiri-gishiri ya kan ƙona kan saiwa. Na firji kuma ya yi sanyi da yawa.

Wani lokaci za ki tarar an cusa saiwar cikin wani irin busasshen gansakuka mai laushi. Wannan yana riƙe ruwa ƙwarai, sama ya bushe ciki kuwa jagab. Sa yatsa ki ji kafin ki ƙara.

Taki kuma ba na shanu ba ne, ba na kaji ba. Akwai na ruwa da a ke sayarwa don furanni. Ki ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalbar, ki ba shi bayan mako biyu-biyu sa'ad da ya ke fid da sabon ganye ko saiwa. Sau ɗaya a wata ki wanke kaskon da ruwa zalla.

HUNTURU DA BAZARA

Littattafan Turawa ba su san da waɗannan biyu ba, mu kuwa da su za mu yi fama. Okid yana son laimar iska kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, da hunturu kuwa a Arewa ta kan sauka ƙasa da kashi 20. Dabara ita ce ki sami faranti ki zuba tsakuwa, ki sa ruwa kada ya rufe tsakuwar, ki ɗora kaskon a kai. In kina da waɗansu shuke-shuke ki tara su wuri guda, ko ki ajiye shi kusa da randa. Ki rufe tagar da iska ke shigowa, kowane mako kuma ki goge ƙurar ganyen da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Amma hunturu yana da ranarsa. Falanofsis ba ya fid da karan fure muddin zafi yana kai digiri 28 ko fiye kullum, sai ya sami 'yan makonni masu sanyi-sanyi. Masu nomansa da na'ura su ke yi masa wannan sanyi, mu kuwa Disamba da Janairu sun ba mu kyauta. Ki riƙa duba gindin ganye. Sabuwar saiwa kanta mulmulalle ne, karan fure kuwa kansa yana da ɗan faɗi da tsagi, sama kuma ya ke dosa. Daga fitowarsa zuwa buɗewar fure wajen wata uku ne.

Bazara ita ce babbar jarrabawa. In zafi ya haura digiri 35 tsiron yana wahala, mu kuwa a Afrilu a kan wuce 40. Kai shi ɗakin da ya fi kowanne sanyi, ki saukar da shi ƙasa-ƙasa, ki nisantar da shi daga bangon yamma, fanka ta riƙa juya iska a hankali. Ba zan ɓoye miki ba, furen da ya buɗe cikin wannan zafi ba zai daɗe kamar yadda ya kamata ba. Ki dai ceci ganye da saiwa, damina na tafe.

BAYAN FURE YA ZUBE

Mata da yawa a nan su ke jefar da shi, suna tsammani ya mutu, alhali hutawa ya ke yi. In karan ya bushe ki yanke shi daga gindi da sabuwar reza. In yana nan kore kina iya yankewa a sama da gaɓa ta biyu daga ƙasa, wani lokaci ya kan yi reshe ya sake fure. Ganyen ƙasa guda ya yi rawaya ya faɗi a shekara ba ciwo ba ne, tsufa ne. Saiwoyin da suka hauro waje suna yawo kuwa ki bar su, halinsa ke nan.

Bayan shekara ɗaya ko biyu, in fure ya wuce, ki sake masa shimfiɗa. Ana sayar da ɓawon itace wanda aka tanada don okid. In babu, ki yayyanka ɓawon kwakwa kamar girman goro, ki jiƙa shi kwana uku kina sake ruwa don gishirinsa ya fita, ki haɗa da gutsattsarin gawayi da tsingaro. Kasko ya zama mai huji da yawa, daidai saiwar, kada ya yi mata yawa. Yanke duk saiwar da ta ruɓe kafin ki mayar. In kin ga farin ƙwaron nan mai kama da auduga, goge shi da auduga da sifirit na kantin magani, ki maimaita kowane mako har ya ƙare. Wanda aka riƙe haka ya kan yi shekara goma ko fiye yana fure.

To, amarya, ga shawarata game da ƙawarki. Kada ki yi gaggawar sayen wani don rufa asiri, balle in cikin bazara ne. Farkon damina ya fi kyau da saye, don ya sami watanni masu laima ya saba da ɗakinki kafin hunturu. In ta zo ki gaya mata gaskiya, son kyautarta ne ya yi yawa har ya kashe ta, na tabbata dariya za ta yi. In ma da hali ku tafi wajen mai furannin tare, ki sa ya zaro muku robar, ki nuna mata yadda a ke duba saiwa.

Duk wadda ta gwada ta rubuto mini yadda ta ƙare da hunturu a garinsu, don sauran 'yan'uwa su amfana.